Na tsaya na taimake shi, da ya tambaye ni dalili sai bakina ya mutu

Mai Dawowa Da Dare: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Wani abu ya same ni daren Talata, har yau ya ƙi barin zuciyata, shi ya sa na kawo shi gabanku. Na taso aiki a makare, gajiya kamar an yi mini duka, sai na hango mota a gefen titi an ɗaga murfin injinta, wani mutum yana ta kaɗa fitilar wayarsa. Ba zan ɓoye muku ba, na wuce shi. Sai da na yi ɗan nisa hankalina ya dawo kan wata mace da na hanga a kujerar baya rungume da yaro, na juyo. Ashe yaron ne jikinsa ya yi zafi har yana sanƙarewa, asibiti za su, mota ta mutu musu. Na kwashe su na kai su, na zauna har aka ba yaron gado, wajen awa biyu ke nan. Muna zaune a kan benci sai uban ya dube ni ya ce, motoci sun fi talatin da suka wuce mu, kai me ya sa ka dawo? Na ce masa ba komai, ai yi wa kai ne. Ya yi shiru, can ya ce rabonsa da addu'a tun ranar da ya binne ɗansa na fari. 'Yan'uwa, shekara goma sha huɗu ina zuwa sujada, amma ko kalma ɗaya ban iya fitarwa ba. Na dafa kafaɗarsa, muka karɓi lambar juna, na tafi gida. Na yi laifi ne? Da ku ne, me za ku ce masa?

Mama Mai Addu'a: Ɗana, sannu da ƙoƙari. Kafin kowa ya fara yi maka hisabi, yaya jikin yaron?

Mai Dawowa Da Dare: Mama, lokacin da na baro su zafin ya fara sauka. Ban kira ba tukuna, kunya nake ji.

Ɗan Bishara: Yayana, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma ka yi sakaci. Allah ya buɗe maka ƙofa da hannunsa, mutumin da bakinsa ya tambaye ka, ya kuma buɗe maka cikinsa, kai kuwa ka ce "ba komai". Ai da komai! 1 Bitrus 3:15 ta ce mu zauna da shiri kullum mu amsa wa duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da ke cikinmu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wa ya ba ka tabbacin mutumin nan zai kai gobe? Ni duk wanda na zauna kusa da shi minti biyar, ko a mota ko a layin jira, sai ya ji sunan Yesu kafin mu rabu.

Mai Jinya: Ƙanena Ɗan Bishara, ka ƙarasa ayar mana. Bayan maganar shiri, ta ce a yi amsar da tawali'u da bangirma. Na yi shekaru ina aikin dare a ɗakin yara, na ga irin wa'azin minti biyar ɗin nan da idona. Uwa tana tsaye jikinta na rawa, ba ta san ko ɗanta zai kwana da rai ba, sai wani ya tsaya a kanta yana tambayarta in ta mutu yau ina za ta. Wata ta taɓa roƙona in fitar mata da wani mai irin wannan, na kuwa fitar da shi, ko da yake ni da shi Ubangiji ɗaya muke bi. Wanda tsoro ya kama zai ce "amin" ga duk abin da ka faɗa don ka ƙyale shi, ko don yana ganin taimakonka ya rataya a kan amsarsa. Kai ka tafi kana murna ka ribato rai, shi kuwa gobe in ya ga mai Littafi a hannu sai ya canza hanya. Ɗan'uwan nan ya zauna awa biyu da baƙon da bai sani ba. Ni a wurina ya yi wa'azi.

Ɗan Bishara: Yaya, wa'azin da ba a ambaci Almasihu a ciki ba wane irin wa'azi ne? Marasa bi ma suna kai mutane asibiti. Romawa 10:14 ta tambaya, ta yaya za su ba da gaskiya ga wanda ba su ji labarinsa ba? Mutumin nan ya tafi gida yana cewa ya haɗu da mutumin kirki, shi ke nan. Yabon ya tsaya a kan yayana, bai kai ga Mai shi ba.

Baba Dattijo: Yara, ku dakata, kowannenku ya riƙe rabin gaskiya yana dukan ɗan'uwansa da ita.

Ku koma Luka 10. Hanyar da ta sauka daga Urushalima zuwa Yariko wajen kilomita 27 ce, gangara ce mai tsanani cikin duwatsu da kwazazzabai, maɓoyar 'yan fashi. A misalin da Yesu ya bayar, a kan hanyar nan 'yan fashi suka bugi wani mutum suka bar shi kwance rabi a mace. Firist ya wuce, Balawe mai hidimar Haikali ya wuce, su ne kuwa masu ayoyi a ka. Basamariye, mutumin Samariya da Yahudawa ba sa shiri da irinsa, ya tsaya, ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kwana yana jinyarsa, da safe ya ba mai masauki dinari biyu, ladan aikin kwana biyu ke nan a zamanin, ya ce in an kashe fiye da haka zai biya in ya dawo. Ku duba labarin daga farko har ƙarshe, ba inda ya ce wa majinyacin kalma ɗaya. Duk da haka shi Ubangiji ya nuna ya ce je ka yi haka. To wannan na Mai Jinya ne.

Amma ku buɗe Ayyukan Manzanni 8. Filibus mai bishara yana tsakiyar babban aiki a Samariya, jama'a na tuba, aka ce masa ya tashi ya bi hanyar hamada mai gangarawa Gaza. Can ya tarar da ma'ajin Kandakatu sarauniyar Habasha a cikin karusarsa yana karanta annabi Ishaya. Abin da nake so ku lura da shi, Filibus bai fara da jawabi ba. Ya matso, ya saurari abin da mutumin ke karantawa, ya yi tambaya guda: kana fahimtar abin da kake karantawa? Sai da aka gayyace shi ya hau. Sai da aka tambaye shi annabin da wa yake, sannan ya buɗe baki, ya fara daga wannan nassin da ke hannun mutumin, ya kai shi ga Yesu. Da Filibus ya ce "ba komai" a wurin nan, da Bahabashen ya koma gida da littafinsa da duhunsa. Wannan kuma na Ɗan Bishara ne.

Wanda aka bari kwance rabi a mace, mai da ɗauri yake bukata. Wanda ya yi tambaya, amsa yake bukata. Kai ɗana, a dare ɗaya ka gamu da duka biyun a jikin mutum ɗaya. Na farkon ka cika shi sarai. Na biyun ne ya same ka ba shiri.

Mai Dawowa Da Dare: Baba, haka ne, ba ni da ta cewa. Amma shirin nan, yaya ake yin sa? In haddace ayoyi ne, na haddace da dama. A kan bencin nan ko ɗaya ba ta zo mini ba.

Mai Sauraro: Ni dai a ganina ba a shirya wa irin wannan. Ubangiji ya ce kada mu damu da abin da za mu faɗa, Ruhu Mai Tsarki zai koya mana a sa'ar. In bai ba ka magana ba, ƙila shirun ne nufinsa.

Malamin Makarantar Lahadi: Ɗan'uwa Mai Sauraro, a yi hattara da ayar nan, ta sha zama matashin kai ga masu ƙyuya, har da ni. Tana Luka 12:11-12, kuma maganar waɗanda aka gurfanar gaban majami'u da mahukunta ake yi, mutanen da aka kama ba su da damar shirya kāriya. Ba a ba da ita don a daina nazari ba. Filibus ɗin da Baba ya kawo, da bai san Ishaya 53 tun da ba, me Ruhu zai tuna masa? Yohanna 14:26 ta ce Ruhu zai tuna mana abin da Ubangiji ya faɗa, ai abin da ka taɓa ji ake tuna maka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da nake sa manyan ɗalibaina su yi. Kowa ya zauna ya amsa wa kansa tambaya ɗaya da kalmominsa na yau da kullum, ba da yaren mimbari ba: me Yesu ya yi mini da ya sa nake binsa? Amsar kada ta wuce abin da za ka faɗa kafin a kira lambarka a layi. In akwai kalmar da wanda bai taɓa shiga ikkilisiya ba zai kasa ganewa, kamar barata ko tsarkakewa, cire ta ka sa wadda zai gane. Makahon da ke Yohanna 9 bai yi makarantar tauhidi ba, manyan malamai suka tsare shi da tambayoyi, ya ce abu ɗaya ya sani, dā shi makaho ne, yanzu yana gani. Suka rasa yadda za su yi da shi sai kora.

Mama Mai Addu'a: Malam ya yi gaskiya, amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kowa yana ta magana kan tambayar farko, me ya sa ka dawo. Ni maganarsa ta biyu ce ta sa ni hawaye. Mutum ya ce rabonsa da addu'a tun da ya binne ɗansa. Wannan ba tambaya ba ce, ciwo ne ya buɗe maka. Na binne nawa ɗan, na san abin da nake faɗa. A kwanakin nan masu ayoyi sun zo mini da yawa, wasu har da bayanin dalilin da ya sa Allah ya yi haka, kamar tare suka yi shawara. Ba na tuna ko ɗaya daga abin da suka ce. Wadda nake tunawa wata tsohuwa ce da ta zauna kusa da ni ta ce, faɗa mini sunansa, wane irin yaro ne. Na yi ta ba ta labari har dare. Da za ta tafi ta ce, kin yarda in yi addu'a? Jimla uku ta yi. Ranar na fara komawa ga Allah.

Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, a nan suka yi daidai. Da suka buɗe baki ne suka ɓata, har Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu. Ɗana, da ka ce masa, yaya sunan yaron da ka rasa, da ka yi rabin aikin. Da ka ƙara da, ka yarda in yi wa wannan da ke kwance addu'a, da ka gama. In ya ce a'a, ka ce to, ka ci gaba da zama.

Mai Jinya: Mama, Allah ya ƙara miki ta'aziyya. Neman izinin nan shi ne abin da nake ta ƙoƙarin faɗa. A duk shekarun da na yi, waɗanda suka ce mini a'a ba su da yawa, su ma ban rage musu komai a kulawa ba, kuma na tabbatar sun ga ban rage ba.

Ɗan Bishara: Na ji, Mama, kuma na karɓa. Amma ina tsoron kada mu mai da ladabi ya zama mafakar tsoro. Da yawanmu ba hikima ce ke rufe mana baki ba, kunya ce. Muna iya yin awa guda muna gardamar ƙwallo da baƙo a mota, amma sunan Mai Cetonmu ya yi mana nauyi.

Baba Dattijo: Wannan kam ka faɗi gaskiya, ɗana, ba wanda zai musa maka. Kuma ka ga mai maganar da kansa ya ce kunya ce ta hana shi kira.

Ɗalibar Tarihi: Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki da abin da nake karantawa. Abin da ke ba ni mamaki a tarihin ikkilisiya shi ne yawan manyan da suka zo ga bangaskiya ta hannun wanda ko sunansa ba a sani ba. Jastin, wanda aka kashe a Roma wajen shekara ta 165 saboda Almasihu, masanin falsafa ne da ya zaga makarantu bai sami abin da yake nema ba. Shi da kansa ya rubuta cewa wata rana yana yawo kusa da teku don ya kaɗaita, sai ya gamu da wani tsoho. Tsohon bai zage shi ba, tambayoyi ya yi ta yi masa a kan falsafar tasa har Jastin ya ga inda ta gaza, sannan ya nuna masa littattafan annabawa, ya tafi. Bai sake ganinsa ba. Wani abin sha'awa, garin da aka haifi Jastin shi ne Nablus ta yau, dab da rijiyar Yakubu inda Ubangiji ya zauna da tsakar rana a gajiye ya roƙi Basamariya ruwa.

Na biyu Charles Spurgeon. A watan Janairu 1850, yana ɗan shekara 15, dusar ƙanƙara ta hana shi isa inda ya nufa, ya ratse cikin wata 'yar majami'a a Colchester ta Ingila. Mutane kaɗan ne a ciki, mai wa'azin ranar ma bai samu zuwa ba, sai wani daga cikin jama'a, marar ilimi mai zurfi, ya tashi ya karanta Ishaya 45:22, inda Allah ke kiran dukan iyakar duniya su dube shi su tsira. Bayan 'yan mintoci maganarsa ta ƙare, sai ya dubi baƙon yaron ya ce masa yana ganin baƙin ciki a fuskarsa, ya dubi Yesu. Yaron nan ne daga baya dubban mutane ke taruwa jin wa'azinsa kowace Lahadi a Landan. Mutumin bai taso daga gida da niyyar wa'azi ba, amma aya ɗaya tana cikinsa, kuma ya lura da fuskar baƙo.

Sai dai don kada Ɗan Bishara ya ce na goyi bayansa shi kaɗai: a shekara ta 362 sarkin Roma Yuliyan, wanda ya bar bangaskiya ya so ya farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wa babban firist ɗinsa na Galatiya yana ƙorafin cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Abin da ya dame shi ke nan, taimakon da ba ya tambayar kai na wane ne.

Tsohon Direba: Duk na ji tarihi, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai bari in yi maganar titi, tunda a kansa na tsufa. Kada wani ya karanta labarin nan ya ce daga yau duk wanda ya kaɗa fitila da dare sai ya tsaya. Akwai masu sa mace da yaro a gaba su zama tarko, na ga wanda aka yi wa. Ubangijin da ya ce mu zama marasa ɓarna kamar kurciyoyi, shi ya ce mu yi wayo kamar macizai, Matiyu 10:16. In za ka tsaya, ka wuce kaɗan ka tsaya inda akwai haske, kada ka kashe injin, ka kira wani naka ka faɗa masa inda kake kafin ka buɗe ƙofa. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kira jami'an tsaro ko na agaji ka kwatanta musu wurin, wannan ma taimako ne. 'Yan'uwa mata musamman, ba dole sai kin fito ba.

Sannan shiri ba a baki kaɗai yake ba. Wayar haɗa batir, igiyar jan mota, fitila, ruwa, ɗan akwatin taimakon gaggawa, duk suna bayan motata har yau. Sau nawa wayar batir ɗin nan ta buɗe mini hira da mutanen da ba za su taɓa karɓar takardar bishara daga hannuna ba. Yakubu 2:16 ta yi maganar mai cewa ka tafi lafiya, ka ji ɗumi, ka ƙoshi, bai ba da komai ba. Direban da ya tsaya ba shi da ko sifana, addu'a kawai zai yi wa injin.

Mai Sauraro: Baba Direba ka sa ni dariya, amma gaskiya ne. Malam, na karɓi gyara kan ayar. Sai dai har yanzu ina ganin babban abin da ke hana mu ba rashin kalmomi ba ne, sauri ne. Ubangiji yana kan hanyar gidan Yayirus shugaban majami'a, 'yarsa na bakin mutuwa, mace mai zubar jini shekara 12 ta taɓa rigarsa, ya tsaya ya neme ta har ta faɗi labarinta duka. Ni in na saka abin kunne na kama hanya, ko maƙwabcina ya faɗi ba zan ji ba.

Malamin Makarantar Lahadi: A nan kam ba mu da saɓani. Ka ƙirga a Markus kaɗai sau nawa aka katse shi: kuturu a hanya, shanyayyen da aka zuro ta rufin ɗaki yana tsakiyar koyarwa, makaho Bartimawas da jama'a ke tsawata wa ya yi shiru. Rabin abin da muke koya wa yara ranar Lahadi a irin wannan katsewar ya faru.

Ɗan Bishara: To yanzu dai yayana, lamba tana hannunka. Me kake jira?

Mai Dawowa Da Dare: Na gode muku duka, har da kai ƙanena, maganarka ta yi zafi amma ta shiga. Na zauna na gwada abin da Malam ya ce, na rubuta na goge har sau huɗu. Abin da ya rage shi ne: na wuce ku da farko, abin da ya juyo da ni shi ne ni ma an taɓa tsayawa domina lokacin da ban cancanta ba, Yesu ne ya yi mini haka. Ban sani ba ko zan iya faɗarsa ba tare da muryata ta yi rawa ba. Na kira ɗazu, wayar a kashe take. Zan sake gwadawa in na tashi aiki.

Mama Mai Addu'a: In ya ɗauka, jikin yaron za ka fara tambaya, da uwar, da ko an gyara motar. Waccan jimlar taka ka riƙe ta a aljihu, kada ka fito da ita sai ya sake kawo maganar. In kuma asibitin ya ce har yanzu suke, ka je da ƙafarka.

Tsohon Direba: Ka tambaye shi me makaniki ya ce. In batir ne, ka zo ka ari wayar haɗa batir ɗina.